Ista a Ƙarshen Layin Dogo

Duk wanda ya tsaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda a tsakiyar bazara, sa'ad da rana take dukan ƙarfen dogo har hannu ba ya iya taɓa shi, awaki kuma suna raɓewa a inuwar gine-ginen da hayaniya ta daɗe da ƙaurace musu, da wuya ya kawo a ransa cewa ta nan ne wani idi, wanda kakanninmu ba su san shi ba sai a bakin malaman da suka karanta labarin Ahlul Kitabi, ya shigo arewacin ƙasar Zamfara. Idin nan shi ne Ista, wanda Kiristocin Larabawa suke kira Idul Ƙiyama, watau idin tashi, domin a cikinsa ne Kiristoci suke tunawa da abin da suka yi imani da shi na tashin Almasihu daga matattu.

Ƙasar da ya tarar kuwa ta riga ta yi nisa a Musulunci. Muhammadu Namoda, wanda garin yake amsa sunansa, jarumi ne daga Alibawan Zurmi, yana kuma cikin manyan mayaƙan jihadi da suka ci Alƙalawa a shekarar 1808, yaƙin da Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa a ciki. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa hukuma ba za ta sa hannu a sha'anin addininsu ba, kuma bisa wannan alkawari, ko dai don riƙon amana ko don gudun fitina, jami'an mulkin mallaka suka yi shekaru suna taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakuna. Saboda haka mai wa'azi bai riga kowa isowa Ƙaura ba. Jirgi ne ya riga shi. A 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya zo ya tsaya a Ƙaura, bai ƙara gaba ba. Kuma da yake gyaɗa da auduga da fatu na wannan yanki duka a nan ake tara su kafin su nufi bakin teku, sai ga akawu da mai awo da kafinta da maƙerin reluwe da ɗan tireda, Yarbawa da Ibo da wasu kabilun Kudu, sun sauka da akwatunansu, a cikin akwatin kuma akwai littafin addu'a. Waɗannan baƙi na Sabon Gari su ne jama'ar farko da suka riƙa taruwa ranar Lahadi, kuma daga cikinsu ne wasu suka bi fatauci har Shinkafi da Zurmi.

Ya kamata a faɗi abin da idin yake nufi a wurin masu shi, da lafazinsu, ba tare da an yi musu ƙari ko ragi ba. Linjilar da ke hannunsu ta ba da labarin cewa Yesu ya shiga Urushalima a lokacin Idin Ƙetarewa, wanda Bani Isra'ila suke yi don tunawa da kuɓutarsu daga hannun Fir'auna. Ya ci jibi na ƙarshe da almajiransa a daren Alhamis, aka kama shi, aka gicciye shi ranar Jumma'a a zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, aka sa shi a kabari, sa'an nan da asubahin Lahadi wasu mata, cikinsu har da Maryamu Magadaliya, suka tarar da kabarin babu kowa. A kan wannan kabari da ya wayi gari fayau aka ɗora ginin addinin gaba ɗaya, har Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga mutanen Koranti, ya nuna cewa in an cire tashin nan, imanin Kirista bai tsaya a kan komai ba. Shi ya sa malamansu suke fifita Ista a kan Kirsimeti, ko da yake Kirsimeti ya fi ta ɗinki da kashe kuɗi: haihuwa kowa an haife shi, amma gafarar zunubi da cin nasara a kan mutuwa, a aƙidarsu, a wannan mako aka same su.

A nan ne kuma hanya ta rabu tsakaninsu da mu Musulmi, rabuwar da ladabi ba zai sa a ɓoye ta ba. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, ya kore kisan Annabi Isa, alaihissalamu, ya kore gicciye shi, aya ta gaba kuma ta tabbatar da cewa Allah ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Maulidin Annabi Isa abu ne da Musulmi zai iya jin labarinsa ya gyaɗa kai, tun da Suratu Maryam ta zo da shi. Amma Jumma'ar gicciye saɓani ne na asali, ba na reshe ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin garuruwan nan shi ne, mutanen da suka san wannan saɓani sarai, kowa yana riƙe da nasa ba sassauci, sun yi kusan shekara ɗari suna ɗiban ruwa a rijiya ɗaya.

Lissafin ranar ma yana da ɗan kama da namu, domin wata yana da hannu a ciki. Tun bayan taron manyan limaman Kirista da Sarkin Rum Kustantin ya kira a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, ƙa'idar da ta zaunu ita ce a yi idin ranar Lahadin da ta biyo bayan cikar wata na farko daga 21 ga Maris, saboda haka ba ya wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu a lissafin yawancin majami'un Nijeriya. Kibɗawan Masar da Habashawa kuwa, da yake tsohon lissafi suke bi, sau da yawa nasu yakan zo daga baya. A Turai lokacin nan ne sanyi yake janyewa itatuwa su yi toho, wanda ya sa suka cika idin da furanni da ƙwai. A Zamfara kuwa tsakiyar ƙuna ce: kogin Gagare ya zama rairayi, rumbu ya fara ƙasa, manomi yana sharar gona yana duban gabas, mangwaro ne kaɗai yake cikin ni'ima. Kiristan da ya yi azumin kwana arba'in a irin wannan yanayi, tun daga Larabar Toka, ya san abin da mai azumin Ramadan yake ji da la'asar. Kuma a 2022 da 2023 da 2024, shekara uku a jere, Ista ta faɗo a cikin watan Ramadan.

Daga baya ne 'yan mishan suka samu ƙofa, ita ma ta hanyar magani. A shekarun 1930 hukuma ta yarda ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta kula da zangunan kutare na larduna, irin su Amanawa kusa da Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, kuma daga aikin wannan ƙungiya ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, aikin da Likita Mila na Zariya ya ba da shekarunsa a kai, sai kalmomi irin su sujada da baftisma da bishara da Jibin Ubangiji suka zauna daram a bakin masu ibada. Ta ɓangaren Katolika kuma, limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka suka karɓi lardin Sakkwato a shekarun 1950, suka yi zama mai ƙarfi a Gusau, aka ɗaga yankin ya zama dayosis a 1964, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah yake shugabanta tun 2011. Da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura a 1983, aka kuma riƙa turo masu yi wa ƙasa hidima da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda, sai jama'ar ta sake launi, mutanen Kudancin Kaduna da Filato da Zuru suka yawaita, waɗanda Hausa ce harshen ibadarsu, matansu kuma su ne 'yan Zumuntar Mata masu ɗaurin zane iri ɗaya da waƙa da tulu da caki.

Abin da na gani da idona ina yaro shi ne na gidan da ke jikin namu. Ranar Lahadin da ta gabaci Ista yaran gidan sukan dawo daga coci riƙe da ganyen dabino, uwarsu ta zauna a bakin ƙofa ta tsaga shi siri-siri kamar mai shirin saƙar faifai, ta naɗe shi ya zama ɗan gicciye, ta saƙale a bayan ƙyaure. A nan zai bushe har shekara ta kewayo, a mayar da shi coci a ƙona, tokarsa ce za a shafa musu a goshi ranar Larabar Toka. Ranar Jumma'a ba a jin rediyo a gidan, ba a kuma ɗora nama. Amma da hantsin Asabar sai ga maigidan a ƙofar zaurenmu da zakaru biyu a hannu, ya yi sallama, ya ce wa mahaifina, "Malam, a taimaka a yanka mana, don kowa ya samu ci." Mahaifina ya karɓa, ya fuskanci alƙibla, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Kashegari bayan sun sauko daga sujada, 'yar autarsu ta shigo da langa a ka, ta durƙusa gaban mahaifiyata ta ce, "Inna, wai in ji Mama ga abincin Ista." Inna ta ce, "Madalla, a ce mata mun gode, Allah ya maimaita mana," ta juye, ta wanke langar, ta zuba ƙuli-ƙuli a ciki, domin a wurinta abin kunya ne kwano ya koma wofi. Da Babbar Salla kuma cinyar rago ce take tsallaka katangar ta ɗaya gefen. Ba wanda ya taɓa kiran wannan da wani babban suna. Haƙƙin maƙwabtaka ne kawai, wanda kowane ɓangare ya tarar a littafinsa.

A cikin gida kuwa, Ista ita ce lokacin da iyali suke ƙidaya kansu. A daren Asabar ne bisa al'adar Katolika ake hura wuta a wajen coci, a kunna babbar kyandir, a yi wa sababbin shiga baftisma; masu gaba da juna ana matsa musu su shirya kafin su matso ga Jibin Ubangiji; masu niyyar aure da suka dakata saboda azumi sai a sa musu rana bayan idi; wanda kuma ya binne uwa ko ɗa a cikin shekarar, wa'azin tashin matattu da shi ake yi. Ranar Litinin sai a fita da yara bayan gari da abinci, fitar da ake kira zuwa Galili. Amma ga baƙon da asalinsa yake nesa, tambayar kowace shekara ita ce: a tafi gida, ko a zauna? Kwana huɗun nan, daga Jumma'a zuwa Litinin, waɗanda Gwamnatin Tarayya take ba da hutu a farkonsu da ƙarshensu, sun isa mutum ya kai gaisuwa ga tsofaffi ya dawo, muddin hanya tana da kyau.

Hanyar ce kuwa ba kullum take da kyau ba. A 1966, sa'ad da fitina ta tashi a garuruwan Arewa aka kashe Ibo masu yawa, dogon da ya kawo iyayensu shi ya kwashe waɗanda suka tsira, kujerun majami'u suka zama wayam, sai bayan an gama yaƙin basasa a 1970 wasu suka dawo suka buɗe shagunansu. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, an yi zaman ɗar-ɗar, wasu sun tattara sun tafi, waɗanda suka zauna kuma suka ci gaba da ibadarsu, ko da yake koken samun filin gina coci bai ƙare ba har yau. Musibar da ta fi duka nauyi ita ce ta 'yan bindigar daji, wadda ba ta tambayar mutum alƙiblarsa, kuma mafi yawan waɗanda ta ci Musulmi ne manoma da makiyaya na ƙauyukan Zurmi da Shinkafi. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, ciki har da ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, wadda fatake suke zuwa tun daga ƙasar Nijar. Ɗan tiredan da a da yakan ci kasuwar nan ranar Alhamis ta makon Ista, ya kamo hanyar Ƙaura da yamma don ya riski sujadar wanke ƙafafu, yanzu sai ya auna ko ribar ta kai ya yi kasada da ransa.

Saboda haka ibadar da asalinta ta dare ce, a wurare da yawa an jawo ta an maido ta kafin magariba, ana kunna kyandir rana ba ta faɗi ba. Gaisuwar da ake kaiwa da ƙafa ta koma ta waya. Uwa a Ƙaura tana dafa shinkafar mutum goma, mutum huɗu su zauna a kanta. Duk da haka ana ɗinka wa yara sababbin kaya, 'yan Zumunta suna yin gwajin waƙa tun sati biyu kafin ranar, zakara kuma yana isowa ƙofar zaure da hantsin Asabar. Mai karatu, in maƙwabcinka ya yi maka sallama da shi a bana, ka wasa wuƙa.