Manhajar ƙidayar lokacin aiki: abin da take ƙirgawa da abin da ba ta gani a Madawa, Buza da Kaita

Manhajar ƙidayar lokacin aiki manhaja ce da ake sanyawa a kwamfuta domin rubuta awowi da mintocin da ma'aikaci ya kwashe a kan kowane aiki: ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya tsaya, kuma aikin na wane ne. A ƙarshen mako ko wata tana fitar da jimilla a cikin takardar da ake kira feuille de temps da Faransanci, wato takardar awowin aiki. A gundumomin Madawa, Buza da Kaita na jihar Tawa, wannan takarda ta shafi duk wanda albashinsa ke fitowa daga proje fiye da ɗaya, da wanda ake biya bisa kwanakin da ya yi, da kuma mai ƙaramin biro da ke son sanin aikin da ke kawo masa riba da wanda ke cinye masa yini a banza.

Asalinta

Ƙidayar lokacin ma'aikaci ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1888 wani maƙerin agogo na jihar New York a Amurka, Willard Bundy, ya ƙera agogon da ke buga lokacin shigar ma'aikaci da fitarsa a kan takarda. Kamfanin da ya sayar da agogon yana cikin waɗanda aka haɗe a 1911, haɗakar da ta koma IBM a 1924. A 1919 kuma yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙayyade awa 8 a yini da awa 48 a mako a masana'antu, abin da ya sa rubuta awowi ya zama hujja ga ma'aikaci kamar yadda yake ga mai kamfani.

Mutanen Adar ma sun san wannan lissafi. Projen raya karkara na Kaita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta PAM, ya tsaya ne a kan tsarin abinci a bakin aiki. Jama'ar ƙauyuka, akasarinsu mata domin maza sun tafi ci-rani, sun jera duwatsu, sun haƙa ramukan tare ruwa, sun dasa itatuwa a kan tsaunuka da fako, kuma rabon abincin kowa ya dogara da kwanakin da aka rubuta masa. Wanda sunansa ya faɗi daga rajista, rabonsa na ranar ya faɗi. Manhajar yau jikar wannan rajista ce, bambancin kawai ta sauko daga ƙirga kwanaki zuwa ƙirga mintoci, kuma tana raba su tsakanin ayyuka daban-daban.

Yadda take aiki

Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce agogon dannawa: ma'aikaci ya rubuta sunan aikin, ya danna maɓallin farawa, in ya gama ya danna na tsayawa. Ta biyu ita ce shigarwa da hannu, inda mutum zai zauna da yamma ya rubuta cewa daga ƙarfe 9 zuwa 11 yana taro, daga 11 zuwa 1 yana rubuta rahoto. Ta uku ita ce bibiya ta kai tsaye: manhajar na aiki a ɓoye, tana lura da shafi ko takardar da ke buɗe a gaban mutum da tsawon lokacin da ta yi a buɗe.

Yawancinsu suna gane lokacin da aka bar kwamfuta. Idan mintoci suka wuce ba a taɓa madannai ko linzami ba, manhajar za ta tambaya ko a cire wannan lokaci ko a bar shi. Kowace awa ana rataya ta ga wani proje, ko wani mai ba da aiki, ko wani nau'in aiki, sannan a fitar da rahoto a tsarin Excel, CSV ko PDF domin kai wa mai lissafin kuɗi.

Waɗanda aka fi sani

Toggl Track, wadda aka ƙirƙira a ƙasar Estoniya a 2006, da Clockify, wadda ta fito a 2017, suna da tsarin kyauta da na biya, kuma suna aiki a kwamfuta da wayar salula. Suna iya ci gaba da ƙirgawa idan intanet ya yanke, amma asusun mutum da rahotanninsa suna ajiye ne a rumbun kamfanin a waje, sai layi ya dawo suke daidaita bayanai. ManicTime da ActivityWatch na bibiyar kai tsaye ne, suna ajiye bayanai a cikin kwamfutar mai su, ba sa buƙatar intanet domin aikin yau da kullum. ActivityWatch kyauta ce kuma tushenta a buɗe yake ga kowa. Kimai ma buɗaɗɗiya ce, sai dai ana girka ta ne a kan babbar kwamfutar ma'aikata, kowa ya shiga ta hanyar burauza. Ga biro mai mutum uku ko huɗu, jadawalin Excel ko na LibreOffice Calc mai ginshiƙai biyar, wato kwanan wata, proje, aiki, farawa da tsayawa, yana biyan buƙata ba tare da an kashe ko dala ba.

Wa take yi wa amfani

Babban mai buƙatarta a wannan yanki shi ne ma'aikacin ƙungiya mai zaman kanta. Masu ba da tallafi irin su Tarayyar Turai suna neman hujjar lokacin da ma'aikaci ya yi wa projensu idan ba shi kaɗai yake yi wa aiki ba, kuma mai binciken kuɗi na iya ƙin amincewa da albashin da ba shi da takardar awowi mai sa hannu. Idan haka ta faru, ƙungiyar ce za ta mayar da kuɗin daga aljihunta.

A ɗauki misali. Ma'aikaciya mai albashin jaka 200 na sefa a wata tana aikin awa 40 a mako: awa 16 ga projen tamowar yara, awa 14 ga projen farfaɗo da fako, awa 10 ga ayyukan biro na gama-gari. Kashi 40, kashi 35 da kashi 25 cikin ɗari ke nan. Idan haka watan ya tafi, projen farko zai ɗauki jaka 80, na biyu jaka 70, ƙungiyar ta ɗauki jaka 50. Idan aka cika takardar da ka a ranar 30 ga wata, abin da ake samu galibi shi ne kason da aka rubuta a kasafi tun farko, ba abin da ya faru ba, kuma irin wannan daidaito na wata da watanni shi ne abin da masu bincike ke fara zargi.

Na biyu shi ne mai zaman kansa: mai fassara daga Faransanci zuwa Hausa ko Tamajak, mai shigar da sakamakon bincike a kwamfuta, mai zanen gini, mai shagon buga takardu a bakin babbar hanya a Madawa. Wanda ke karɓar kuɗi bisa shafi ko bisa kwangila ba ya sanin abin da awarsa ke kawowa sai ya ƙirga. Aikin jaka 15 da ya ci awa 5 ya fi na jaka 30 da ya ci awa 20 nesa: na farko jaka 3 ne a awa, na biyu jaka ɗaya da rabi.

Abin da doka ta tanada

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ƙayyade awa 40 a mako, sai a fannin noma inda ake lissafi bisa awa dubu 2 da 400 a shekara. Abin da ya haura ƙa'ida ƙarin lokaci ne da ake biya da ƙari. Idan saɓani ya kai gaban sufeton aiki, ma'aikacin da ke da rubutaccen tarihin awowinsa, musamman mai sa hannun shugabansa, ya fi wanda ya zo da baki kawai ƙarfin hujja. A Turai ma, a ranar 14 ga Mayu 2019 kotun Tarayyar ta yanke cewa wajibi ne ƙasashe su tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata kafa tsarin auna lokacin aikin kowace rana, domin in ba haka ba iyakar awowi ta zama magana a takarda kawai.

Akwai ɗaya gefen. Manhajar da ke lura da shafukan da mutum ya buɗe, ko take ɗaukar hoton fuskar kwamfutarsa lokaci zuwa lokaci, tana tara bayanan sirri ne. Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri tun 2017, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido a kan aiwatar da ita. Ƙa'idar da irin waɗannan dokoki suka ginu a kai ita ce a sanar da mutum abin da ake tarawa a kansa da dalilin tarawar, kuma kada a tara abin da ya wuce buƙata. A Faransa, hukumar CNIL ta ci reshen ɗakunan ajiyar kamfanin Amazon tarar Yuro miliyan 32 a Disamba 2023 saboda bibiyar ma'aikata da ta ce ta wuce kima. Shugaban biron da ya sanya irin wannan manhaja a asirce yana jefa kansa cikin haɗarin doka, kuma yana zubar da amanar da ke tsakaninsa da ma'aikatansa.

Abin da ba ta gani

A nan ne yanayin yankin ke da muhimmanci. Manhajar bibiya ta kai tsaye an tsara ta ne domin mutumin da ke wuni a gaban kwamfuta. Ma'aikacin da ya tashi daga Kaita zuwa Garhanga ko Ibohaman, ko daga Buza zuwa Karofan ko Allakai, ko daga Madawa zuwa Bangi, rabin yininsa na iya tafiya a kan hanya, a gaishe-gaishe a ƙofar hakimi, a jiran manoma su dawo daga gona, ko a bakin korama da damina har ruwa ya janye. Duk wannan aiki ne, amma a idon manhajar kwamfuta a kashe take, wato sifili. Sakataren da ya bar takarda a buɗe yana hira a waya kuwa, muddin yana motsa linzami, zai fito da awowi cikakku.

Wutar lantarki ma tana shiga lissafin. Duk da tashar hasken rana ta Malbaza mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a 2018, yankin ya dogara sosai da wutar da ake sayowa daga Najeriya, kamar yadda aka gani lokacin da aka yanke ta a watan Agusta 2023 a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO. Kwamfutar tebur da ba ta da batirin ajiya tana mutuwa ne nan take idan wuta ta ɗauke. A manhajojin da ke ajiye lokacin farawa a intanet, agogon na iya ci gaba da gudu har washegari, mutum ya tarar an rubuta masa awa 19 a kan wasiƙa guda.

Haka kuma ba kowane aiki ne ake aunawa da lokaci ba. A ayyukan farfaɗo da ƙasa, yawan ramukan rabin wata da aka haƙa ko tsawon duwatsun da aka jera shi ne ma'auni. Awowi suna nuna inda lokaci ya tafi, ba sa nuna ko aikin ya yi kyau.

Kuskuren da ya fi yawa a lissafi

Awa minti 60 ce, ba 100 ba. Awa 7 da minti 45 a lissafin ɗigo 7,75 ce, ba 7,45 ba. Wanda ya rubuta 7,45 ya zubar da minti 18 a yini, wato awa 6 da minti 36 a kwanaki 22 na aiki, kusan yini guda. A Excel kuma, jimillar da ta wuce awa 24 tana komawa sifili ta sake farawa, sai an ba gurbin tsarin [h]:mm. In ba haka ba awa 40 za ta fito a matsayin 16:00. A duba kuma agogon kwamfutar yana kan lokacin Nijar, wanda ke gaba da GMT da awa ɗaya.

Tsarin da ya dace da yankin

Ga biro a Madawa, Buza ko Kaita, abin da ya fi dacewa shi ne manhajar da ke aiki ba intanet, wadda kuma ke ba da damar shigar da lokaci da hannu. Jerin ayyukan ya zama gajere, kamar shida zuwa takwas, kuma a ware wa tafiya da jira gurbinsu, a amince tun farko cewa ana ƙirga su. Mai fita karkara ya riƙe ƙaramin littafi ko ya yi amfani da wayarsa, ya shigar da awowin ranar da ya dawo. A yi yarjejeniya a rubuce kan hutun salla da na abinci, da rabin yinin Juma'a inda ake yin sa, domin kada kowa ya ƙirga yadda ya ga dama. A cika takarda kullum, a rufe ta duk mako da sa hannun ma'aikaci da na shugabansa, a ajiye kwafi a wata ma'ajiya daban da kwamfutar, kuma kowane ma'aikaci ya samu nasa kwafin. Idan an yi gyara bayan sa hannu, a rubuta wanda ya yi shi, da ranar, da dalili.