Zaɓen Disamba 1958: Yadda Sawaba ta Rasa Mulki

A zaɓen watan Maris 1957, ƙawancen Djibo Bakary, wanda daga baya ya ɗauki sunan Sawaba, ya lashe kujeru 41 cikin 60 na majalisar yankin Nijar. Sai dai tafiyar haɗin gambiza ce: ƴan ƙwadago da talakawan birane a gefe guda, sarakunan gargajiya da ƴan tsohuwar jam'iyyar BNA a ɗaya gefen.

Ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ce ta fasa wannan tafiya. Da Bakary ya nemi a ce "a'a" ga tayin De Gaulle, sarakuna da jiga-jigai irin su Issoufou Saïdou Djermakoye suka juya masa baya, gwamna Colombani kuwa ya mara musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ranar 14 ga Disamba, sabon ƙawancen da PPN-RDA ke jagoranta ya samu kujeru 49, Sawaba 11; su ma daga baya aka soke su. Diori Hamani ya karɓi ragamar gwamnati, aka haramta Sawaba a 1959. Da jam'iyya ɗaya tilo Nijar ta shiga ƴancin kanta a 1960, kuma haka ta zauna har juyin mulkin 1974.