Dokar tattalin makamashi a manyan gine-gine: daga rikicin man fetur na 1973 zuwa ofisoshin Yamai

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama cikin wani babban ofis na birnin Yamai a watan Afrilu, lokacin da aka ɗauke wuta, ya san abin da wannan takarda take magana a kai. Kafin a jima ɗakin ya zama tanda. Tagogin ba su buɗuwa, in kuma sun buɗu ba abin da ke shigowa sai hucin rana, sai ma'aikata su fice neman inuwar dogon yaro. Irin wannan gini ba ya zaunuwa sai da kilimatizer, kuma kuɗin wutar da yake sha suna kan wuyan mai shi har iyakar rayuwar ginin, wato shekara 40 ko 50.

A nan za mu bi tarihin dokokin da aka kafa domin rage makamashin da gine-ginen aiki da na kasuwanci ke ci, wato ofisoshi, bankuna, otal-otal da manyan kantuna. Gidajen kwana ba su cikin bincikenmu, sai inda tarihin ya tilasta mu ambace su. Abin da muke son nunawa shi ne, waɗannan dokoki ba su fara aiki sosai ba sai da aka ce wa mai gini ya kawo shaidar cewa ya cika su, kuma irin shaidar da hukuma ta nema ita ce ke zaɓen kayan da za a yi gini da su. Wannan batu na biyu shi ne ya fi shafar ƙasarmu.

2. Doka ce ta ƙasashen sanyi

A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu man fetur suka rage fitar da mai, cikin ƴan watanni kuɗin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Faransa, wadda da man waje take ɗumama yawancin gine-ginenta, ta fitar da dokarta ta farko a watan Afrilu na 1974. Wannan doka ta shafi sababbin gidajen kwana ne kawai. Ta kawo wani ma'auni da ake kira G, mai auna yawan ɗumin da ke zurarewa daga cikin gida ta bango, rufi, tagogi da kuma iskar da ke shige da fice. A 1976 aka fitar da ɗan'uwansa, G1, domin gine-ginen da ba na kwana ba. An sake gyara dokar a 1982, 1988, 2000, 2005 da 2012, ko wane gyara yana ƙara matse ta.

A Amurka abin ya bi wata hanya. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumamawa da sanyayawa, ASHRAE, ita ce ta rubuta ƙa'ida mai lamba 90 a 1975, ba gwamnati ba. Jahar Kaliforniya ta kafa tata dokar a 1978. Sauran jahohi kuwa ko wace ta yi yadda ta ga dama, sai a 1992 wata dokar tarayya ta ce su nuna cewa dokokinsu na gine-ginen kasuwanci sun kai matsayin ƙa'idar ASHRAE ta 1989.

Abin lura shi ne, a Faransa da arewacin Amurka abokin gaba shi ne sanyi. Manufar dokar ita ce a tsare ɗumi cikin ɗaki: a sa kayan kange zafi cikin bango da rufi, a ninka gilashin taga, a toshe kafofin iska, a kuma fuskantar da manyan tagogi kudu domin rana ta shigo lokacin hunturu. Sai a dokar 2000 Faransa ta sa iyaka ga zafin cikin ɗaki a lokacin bazara, kuma ba a ɗauki abin da gaske ba sai bayan zafin watan Agusta na 2003, wanda ya kashe mutane wajen 15 000 a ƙasar.

3. Yadda ake cika doka, da wanda ke dubawa

Hanyoyi biyu suka fito tun da wuri, kuma har yanzu su ake bi. Ta farko ita ce a bi doka gaɓa-gaɓa: rufi kada ya gaza kaza wajen kange zafi, faɗin tagogi kada ya wuce kaza cikin ɗari na bango, fitilu kada su ci fiye da wat kaza a ko wane murabba'in mita. Wannan hanya tana da sauƙin dubawa, domin mai bincike da ma'auni a hannunsa ya isa. Aibinta shi ne tana ɗaure hannun mai zanen gini. Ta biyu ita ce a yi lissafin abin da ginin gaba ɗaya zai ci a shekara, a gwada shi da wani gini na misali mai girma ɗaya wanda ya bi doka, ko kuma da wani adadi da hukuma ta tsayar. In lissafi ya nuna bai wuce ba, to, an cika doka, ko da an yi sakaci a wani wuri an rama a wani. Dokar Faransa ta 2012 ta tsayar da matsakaicin adadi na kilowat-awa 50 a murabba'in mita a shekara, ana ɗagawa ko a rage bisa ga yanki da irin aikin da ake yi cikin ginin.

Hanya ta biyu tana ba mai zane ƴanci, amma tana bukatar abubuwa uku da ba ko wace ƙasa ke da su ba: bayanin yanayin garin awa-awa na shekara guda, alƙaluman da ɗakin gwaji ya tabbatar game da ko wane irin kayan gini, da kuma injiniyan da ya iya sarrafa lissafin a kwamfuta. Za mu komo kan na biyun.

Sa'an nan akwai maganar dubawa. Shekaru da yawa a Faransa mai gini yana yin alkawari ne kawai cewa zai bi doka, hukuma kuma ta kan duba ƴan kaɗan daga cikin gine-ginen bayan an gama. Da dokar 2012 ne aka tilasta takardun shaida biyu: ɗaya lokacin neman izinin gini, ɗaya lokacin kammalawa, kuma ta biyun sai wani ƙwararre da doka ta amince da shi ya sa mata hannu. A ganinmu wannan ya fi duk alƙaluman muhimmanci, ko da yake ba shi ne ake yawan ambata ba.

Duk da haka lissafin takarda daban, abin da kanta ke nunawa daban. Gini yana iya cika doka ranar buɗe shi, bayan shekara biyu a tarar ana barin fitilu da na'urori a kunne dare da rana. Shi ya sa a watan Yuli na 2019 Faransa ta fitar da wata doka da ta shafi gine-ginen aiki masu faɗin murabba'in mita 1 000 ko fiye, har da tsofaffi: su rage abin da suke ci da kashi 40 cikin 100 kafin 2030, kashi 50 kafin 2040, kashi 60 kafin 2050, kuma ko wace shekara mai ginin ya shigar da ainihin abin da ya ci. Ke nan cikin shekara 45 an tashi daga auna bango zuwa karanta kanta.

4. Ƙasashen zafi

Singafo tana cikin ƙasashen zafi na farko da suka juya lissafin. A 1979 ta kafa doka ga gine-ginen kasuwanci masu kilimatizer cewa zafin da ke shigowa ta bango da tagogi kada ya wuce wat 45 a murabba'in mita. Lissafin ya haɗa abubuwa uku: zafin da ke ratsa bango, wanda ke ratsa gilashi, da hasken rana da ke shigowa kai tsaye ta taga. Na ukun shi ne babba. Da tsakar rana hasken da ke sauka a murabba'in mita ɗaya ya kan kusanci wat 1 000, kuma farin gilashi yana barin kusan kashi 80 cikin 100 su wuce. Saboda haka a ƙasar zafi inuwa ce farkon abin da doka ya kamata ta nema. Daga baya Indiya ta bi a 2007, Tunisiya a 2008 game da ofisoshi, Afirka ta Kudu a 2011, Maroko a 2014.

To, ina Nijar take a wannan lokaci? Rikicin man da ya sa Turawa tsuke bakin aljihu shi ne ya buɗe namu. Faransa ta juya ga makamashin nukiliya, kuɗin uraniyom ya tashi, ma'adinan Arlit da suka fara aiki a 1971 suka shiga kawo riba. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 aka gina yawancin manyan benayen tsakiyar Yamai, da kankare da gilashi, bisa ga ƙa'idodin gini na Faransa. An kwaso ƙa'idodin ƙarfin ginshiƙi da na wayoyin lantarki, amma dokar makamashi ba ta da abin da za ta ce game da zafin digiri 41 na watan Afrilu. A 1976 kuma aka fara samun wuta mai sauƙin kuɗi daga madatsar ruwan Kainji ta Nijeriya, ta layin Birnin Kebbi. Wuta na da araha, kuɗi na shigowa, wa zai tsaya lissafin taga?

Ba a rasa masu lissafin ba. Ginin ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda László Mester de Parajd ya zana a zamanin da Abdou Moumouni ke shugabancin ofishin, an shirya shi ne domin bango ya kasance cikin inuwa iska kuma ta riƙa ratsawa. Amma wannan zaɓin mutum biyu ko uku ne masu ilimin abin, ba doka ta sa su ba, kuma ba a mai da shi abin koyi ba.

Rashin dokar ya nuna kansa sau da yawa. Kuɗin uraniyom ya faɗi a shekarun 1980, darajar sefa ta karye da rabi a watan Janairu na 1994, duk kayan gyaran kilimatizer suka yi tsada, gine-ginen kuwa suna nan yadda aka yi su. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da a lokacin ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024.

A 2017 Nijeriya ta fitar da tata ƙa'idar, wadda ta ce in tagogi sun wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai a yi musu inuwa, ta kuma nemi a kange zafi a rufi. Aiki da ita ya rataya ne ga jahohi. A 2020 majalisar ministocin UEMOA, wadda Nijar ke ciki, ta amince da umurni game da tattalin makamashi a sababbin gine-gine. Irin wannan umurni ba ya aiki da kansa, sai ko wace ƙasa ta zuba shi cikin dokokinta. A wajen wannan zubawar ne tarihin da muka kawo yake da amfani.

5. Matsalar ƙasa

Idan aka ɗauki hanyar gaɓa-gaɓa yadda take a Turai, ma'auni ɗaya za a sa wa bango: yadda yake hana zafi wucewa. A wannan gwaji ƙasa ba ta cin nasara, domin soson roba da ake shigowa da shi ya fi ta fiye da sau goma. Amma bangon ƙasa mai kauri yana yin wani aiki da wannan ma'auni ba ya gani. Yana shanye zafin rana ya riƙe shi, bangon da ya kai santimita 40 ya kan jinkirta isowarsa cikin ɗaki da wajen awa 10. Maginan Damagaram da na Agadas ba su san adadin ba, amma sun san aikin. Kowa kuma ya san aibinsa: a watan Mayu soro yana amayar da zafinsa da dare, shi ya sa ake kwana a tsakar gida. Sai dai wannan aibi na gidan kwana ne. Ofis, banki ko makaranta da rana ake zama cikinsu, kafin bango ya saki zafinsa kowa ya tafi gida, in an bar kafofi a sama iskar dare ta kwashe shi. Wato gine-ginen da dokar ke nufi su ne suka fi dacewa da ƙasa. Cibiyar Hikma ta Dandaji a jahar Tawa, wadda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana aka gama a 2018, ta nuna cewa bulon ƙasa matsattse yana ɗaukar babban ginin jama'a.

Hanyar lissafin shekara ce kaɗai ke iya ganin wannan amfani, ita kuwa, kamar yadda muka faɗa, tana neman alƙaluman ɗakin gwaji. Kayan waje suna zuwa da takardarsu a cikin kwali. Ƙasar da aka haƙo a bayan gari ba ta da takarda, kuma ta Maradi ba ɗaya take da ta Tawa ba. Injiniyan da zai sa hannu a takardar shaida, ya kuma ɗauki alhakin abin da ya biyo baya, zai zaɓi abin da ke da lamba. Ba mu ga laifinsa ba. Amma ta haka dokar da aka kafa domin rage dogaro da wutar waje za ta iya ƙara dogaro da kayan waje.

Haka ma maganar fuskar gini. Yamai tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewacin kanmu da tsakar rana. Bangon arewa, wanda littattafan Turai ke ɗauka ba ya ganin rana, a nan yana bukatar tasa rumfar. Gabas da yamma kuwa su ne mafi muni, domin rana tana shigo musu a kwance, rumfar sama ba ta tare ta, sai dai a rage tagogin ko a tsayar musu da makari a gefe.

Akwai aiki a nan wanda ya faɗo kan jami'o'inmu kai tsaye: a auna ƙasar ko wane yanki, yadda take ɗaukar zafi da yadda take sakinsa, a buga sakamakon cikin jadawalin da hukuma za ta amince da shi, a kuma shirya bayanin yanayi awa-awa na Yamai, Maradi, Damagaram, Tawa da Agadas daga abin da tashoshin duba yanayi suka tara. Sa'an nan sai a tsayar da wanda zai karɓi takardar shaida a ofishin magajin gari lokacin ba da izinin gini, da wanda zai koma ya duba ko rumfunan da aka zana a takarda an yi su, domin su ne abin da ake fara sokewa in kuɗin gini sun gaza.