Sababin Karyewar Kasuwar Hannun Jari ta New York a 1929

An saba ɗora alhakin babbar musibar da ta auka wa tattalin arzikin duniya a kan ranar Talata, 29 ga Oktoba, 1929, ranar da aka sayar da hannun jari sama da miliyan 16 a kasuwar Wall Street ta birnin New York, mutane suna rububin rabuwa da abin da jiya-jiya suke rububin saye. Amma duk wanda ya yi nazarin al'amarin da natsuwa zai tarar cutar ta daɗe a jiki kafin ta bayyana, kuma asalinta bashi ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko masana'antun Amurka sun bunƙasa, motoci da akwatunan rediyo suna fitowa ba ƙaƙƙautawa, alhali ladan ma'aikaci bai bi sawun ribar maigidansa ba. Manomi kuwa, da ya ci bashi ya faɗaɗa gona a zamanin da Turai ke neman alkamarsa ruwa a jallo, sai ya wayi gari farashi ya faɗi, bashi yana nan daram. Dukiyar da ta taru hannun mawadata ta kwarara kasuwar hannun jari, inda dillalai suka buɗe wata ƙofa mai hatsari: mutum ya kawo dala 10, a ranta masa 90, takardar da ya saya ta zama jinginarsa. Muddin farashi na hawa babu mai kuka. Ranar da ya ɗan sauka kuwa, dillali ya aiko a cika kuɗi, wanda ya gaza a sayar da nasa ala tilas, wannan sayarwa ta ƙara karya farashi, ta jawo ta wani. Ma'aunin farashin hannun jari na Dow Jones da ya kai 381 a Satumban 1929 bai daina gangarowa ba sai da ya taɓa 41 a Yulin 1932.

Amma a ganina abin da ya mai da hasarar 'yan kasuwa ta zama fatarar al'umma shi ne rushewar bankuna, waɗanda wajen 9,000 suka durƙushe tsakanin 1930 da 1933, talakawa suna kwana a layi bakin ƙofa domin karɓar amanar da suka ajiye, su tarar an garƙame. Babban Bankin Amurka, wanda aka kafa a 1913 domin irin wannan rana, ya ƙanƙame hannunsa saboda kare zinariyarsa, har ya ƙara kuɗin ruwa a Oktoban 1931 bayan Ingila ta raba fam da ma'aunin zinariya, kuɗin da ke yawo suka ragu da kusan sulusi. Shugaban Amurka Hoover kuma ya sa hannu a dokar Smoot-Hawley a 1930, aka tsananta kuɗin fito, sauran ƙasashe suka rama, cinikayyar duniya ta tsuke.

Raɗaɗin ya iso har Kano, inda farashin gyaɗa ya zube, haraji kuwa sai an biya da tsabar kuɗi. A Amurka ita kanta, zuwa 1933 rubu'in ma'aikata ba su da aiki. Kwaɗayin 'yan kasuwa ne ya jawo faɗuwar, amma tsawonta da tsananinta suna wuyan hukuma, domin tana da ikon ceton bankuna ta ƙi yi.