Daga Juji Zuwa Bola: Masu Kwasar Shara a Ƙasar Daura

Kafin zuwan Turawa, juji dukiya ne a ƙasar Daura. Toka da kashin dabbobi da sharar gida su ne takin gona, don haka da rani manoma kan yi jigilarsu a mangala bisa jakuna. Haɗarin aikin bai cika wuce ƙura da harbin kunama ba.

Da mulkin En'e ya kafu, sai aka sami duba-gari da leburorinsa. Wannan shi ya mayar da kwasar shara aikin albashi, kuma abin raini, musamman ga masu ɗaukar bokitin bahaya da dare. A 1976 aikin ya koma hannun ƙananan hukumomi. A 1985 kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta sa tsabtace muhalli cikin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a. An tilasta wa jama'a yin shara, amma ba a waiwayi mai kwasarta ba.

Ita kanta sharar ta sake kama. Leda ba ta ruɓa, ƙona ta ake yi, mai kwasa ya shaƙi hayaƙin. Ga fasassun kwalabe da tsofaffin allurai a bola, shi kuwa sau da yawa da silifa yake shiga, hannu ba safa.