Tufafin zamani na Girka: su wa ke yin su, a ina ake sayen su

Girka ba ta da manyan masana'antun tufafi irin na Italiya ko Turkiyya. Ƙarfinta yana hannun dukawa, masaƙa da maƙeran azurfa na ƙananan garuruwa, waɗanda masu tsara tufafin zamani suka koma wa musamman bayan rikicin bashin da ya faɗa wa ƙasar a 2010. Matafiyin da bai san wannan ba kan cika jakarsa da kayan da aka shigo da su daga waje, yana tsammanin aikin hannun Girkawa ne.

Sunayen da suka yi fice

Sophia Kokosalaki, wadda ta rasu a 2019, ita ta tsara tufafin bikin buɗe wasannin Olamfik na Atina, babban birnin ƙasar, a 2004. An san ta da riguna masu tattara da naɗi irin na matan Girka na dā. Mary Katrantzou, haifaffiyar Atina da ke aiki a Landan, ta shahara da yadduka masu zane mai ɗaukar ido. A 2019 ta baje kolin ɗinkinta a tsohon wurin bautar Poseidon da ke Sounion, a bakin teku.

Kamfanin Zeus+Dione, wanda Dimitra Kolotoura da Mareva Grabowski suka kafa, yana ba masaƙan karkara aiki, yana kuma amfani da alharinin Soufli. Shi kuwa Ancient Greek Sandals na Christina Martini da Nikolas Minoglou takalman fata yake yi da hannu, ana gane su da ɗan maɗauri mai siffar fiffike. A watan Yunin 2021 kamfanin Dior na Faransa ya yi bikin nunin tufafi a filin wasa na Panathenaic da ke Atina, bayan ya yi aiki tare da masu sana'ar hannu na ƙasar.

Kowane gari da sana'arsa

Soufli, kusa da iyakar Turkiyya, garin alharini ne: can ake kiwon tsutsar da ke ba da zaren. Ioannina a arewa maso yamma ta yi suna da ƙirar azurfa, Metsovo da saƙar ulu. A tsibirin Krit, titin Skrydlof na birnin Chania layin dukawa ne, inda ake samun jakunkuna, bel da dogayen takalman gargajiya da ake kira stivania.

A Atina kasuwar ta kasu unguwa-unguwa. Kolonaki ta masu hannu da shuni ce, nan kantunan masu tsara tufafi suka fi yawa. Titin Ermou na manyan kamfanonin waje ne, kayansa ana samun su a ko'ina cikin Turai. Plaka da Monastiraki na ƴan yawon buɗe ido ne, mai kyau da jabu a gauraye. Takalman gidan Melissinos, waɗanda mawaƙan Beatles suka taɓa saye, su suka fito da sunan dukawan Atina a duniya. A nan ana daidaita wa mai saye igiyar takalmi a ƙafarsa.

Yadda ake gane na gaske

Rubutun da ke cewa an tsara kaya a Girka ba ya nufin a can aka ɗinka su, don haka a duba inda aka rubuta ƙasar da aka yi su. Fatar da aka jeme da sinadarin itatuwa tana fara da haske, sai ta yi duhu in ta sha rana. Ta roba ba ta sauya launi, sai dai ta ɓare. Azurfa ta gaske tana ɗauke da hatimin 925, zinariya kuma 585 ko 750. Saƙar hannu ba ta rasa ɗan bambancin zare, kuma mai kantin kirki zai faɗi garin da aka saƙa ta.

Kuɗi da lokaci

Girka na amfani da yuro, wanda ke daidai da sefa 655,957. A kantuna farashi a rubuce yake, ba a ciniki. Sai a kasuwar tsofaffin kaya ta Monastiraki, wadda ta fi cika ranar Lahadi. Yawancin kantuna a rufe suke a wannan rana, ban da na unguwannin baƙi. Ana karya farashi sau biyu a shekara: daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, da daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta.

Harajin TVA a kan tufafi kashi 24 cikin 100 ne. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba zai iya neman a mayar masa da wani kaso in sayayyarsa a kanti guda ta haura yuro 50, wato kusan jaka 33. Sharaɗin shi ne ya nuna fasfo a kantin, ya karɓi takardar mayar da haraji, sannan jami'an duwan su buga mata hatimi a filin jirgin da zai bar Tarayyar Turai, kayan kuma suna sababbi a hannunsa.