Yadda Addu'ar Kiristocin Mafara Ta Koma Cikin Gida

Tun rikicin 22 ga Agusta 2016, lokacin da aka zargi wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da saɓo, aka ƙone gidan mutumin da ya kai shi asibiti har rayuka takwas suka salwanta, Kiristocin Talata Mafara ke jayayya a tsakaninsu: a ɗaga murya da addu'a ko a sassauta?

Masu cewa a sassauta suna kafa hujja da Matiyu sura 6, inda Yesu ya tsawata wa masu addu'a a bakin titi don a gan su. Ɗaya ɓangaren kuma suna tuna Daniyel, wanda dokar sarki ta hana addu'a ba ta sa ya rufe tagoginsa ba.

Da yawa suna ɗora wannan sassauta murya kan shari'ar Musulunci da gwamnan Zamfara na lokacin, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999. Ban yarda ba. Shari'ar ta ƙara ɗari-ɗari, amma ta tarar da abin ya riga ya yi saiwa. Turawan mulkin mallaka ne suka taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, don haka coci ta iso ƙasar Zamfara tare da ma'aikatan jirgin ƙasan da ya kai Kaura Namoda a 1929, ta zauna a unguwar baƙi. Nan Mafara, Bakura da Maradun kuwa, aikin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978, shi ya jawo ɗimbin ma'aikata daga nesa. Sun zo ci-rani a gonakin da aka ƙwace wa manoma, ƙwacen da ya kai ga kisan manoma a 1980. Baƙon da ya sauka a irin wannan hali ba ya ɗaga murya, kuma 'ya'yansa da aka haifa a nan sun gaji wannan kunyar.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi wa tsoro rigar nassi. Gargaɗin Yesu a kan riya yake. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 kuwa ya ba kowa damar yin ibadarsa a fili ko a keɓe, kuma wanda aka haifa a Maradun ba baƙo ba ne da zai nemi izini.